Daskarewar Jini a Jikin Masu Cutar Numfashi Mai Tsanani: Waiwaye Daga Suleja

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya. Kasancewar Suleja maƙwabciyar Abuja ce, kuma ɗimbin mazaunanta can suke zuwa aiki kullum, annobar ba ta yi nisa da ita ba. A Gwagwalada ma aka keɓe wurin jinyar masu cutar, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana cewa cutar ba a huhu kaɗai take ɓarna ba, har da cikin jini.

2.0 Yadda Jini Ke Daskarewa

Hanta ce ke samar da yawancin sinadaran furotin masu daskarar da jini. Fitacce daga cikinsu shi ne fibrinojin, wanda a jikin mai lafiya yakan kai giram 2 zuwa 4 a kowace lita. Idan an ji rauni, sinadarin turombin kan mayar da shi zare-zare kamar komar masunta, ya tare jinin. Bayan warkewa sai jiki ya narkar da gudan, ya bar ɓurɓushin da likitoci ke kira di-daima.

3.0 Tasirin Cutar

Idan cutar ta tsananta, kumburi kan ji wa bangon jijiyoyi ciwo, fibrinojin ya ƙaru, jini ya riƙa yin guda ba tare da wani rauni na zahiri ba. Doguwar kwanciya kuma ta daɗa rura wutar. A 2020, binciken majinyata 191 a Wuhan ta ƙasar Sin ya nuna cewa masu yawan di-daima sun fi fuskantar mutuwa. A Hambug ta Jamus kuwa, cikin gawarwaki 12 da aka bincika, an tarar da gudan jini a manyan jijiyoyin 7.

Bahaushe ya daɗe da sanin mataccen jini, shi ya sa yake zuwa wa wanzami don ƙaho. Sai dai ƙaho fata yake tsagawa, ba ya kaiwa ga gudan da ya ɓuya a jijiyar ƙafa, wanda kan ɓalle ya toshe hanyar huhu. Maganin da ake bayarwa a asibiti shi ne allurar hefarin, ita ma bisa awo, domin gwaje-gwajen 2021 sun nuna cewa ƙara yawanta bai amfani waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman ba.

4.0 Kammalawa

Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a 2023, darasin yana nan. Duk majinyacin da ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya bayan zazzaɓi da tari, asibiti ya kamata a garzaya da shi, domin da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.