Bagwariya, Bawo da Hujjar Masana

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya haddace Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma Gwari na cikin jeri na biyu. Labarin ya ce Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama ta haifi Bawo. Kuyangar da aka ba shi, Bagwariya, ita ta haifi Karbagari. In aka bi wannan zaren, Bagwaren da Birnin Gwari ta ci sunansa da Badaurin da ke fada 'yan uba ne.

Harshe bai sa hannu a wannan zumunci ba. Gwaranci ɗan'uwan Nufanci ne. Harshen Kamukawa, waɗanda dajin Kamuku ke amsa sunansu, na rukunin Kainji ne, kuma dukansu biyu rassan babban gidan Neja-Kongo ne. Dangin Hausa suna wani gefe: Gwandara, da Angas a Filato, da Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade a wajen Yobe, har zuwa harsunan arewacin Kamaru da Chadi, sama da 150. Yau wannan karatun ajin farko ne a jami'a, amma sai da aka kai ruwa rana kafin duniyar ilimi ta karɓa.

Turawan farko sun zo da aƙidar cewa duk wata sarauta ko ganuwa da ke ƙasar baƙar fata, wani farin baƙo ne ya kawo ta daga gabas. Bayajidda sai ya zo musu daidai wuya. H. R. Palmer ya cika littafinsa na 1928 da irin wannan hasashe. A fannin harshe kuma Bajamushe Carl Meinhof, a 1912, ya tsame Hausa daga cikin danginta ya jera ta da Fulatanci a rukunin da ya kira na jikokin Hamu. Ƙananan harsunan duwatsu aka bar su a baya.

Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya yi bincike cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ya rushe wannan gini a 1950. Ya ce Hausa ba ta tafiya ita kaɗai: ita da danginta reshe guda ne, na Chadi, kuma reshen tsaran Larabci da Ibrananci ne, da harshen Misira ta dā, da na Buzaye, da na Somaliya. Hujjarsa ba kalmomin aro irin su littafi da alƙalami ba ce, waɗannan Musulunci ya kawo su. Ya duba abin da ba a cika ara ba, kamar harafin t na mace da ke cikin "ta zo", wanda Balarabe ma ke amfani da shi, da kalmomin asali irin su mutu da suna.

Masanan Turai da dama sun noƙe, suna cewa kamanni kawai ya tara. Aikin da ya rufe bakinsu mai gajiyarwa ne. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka jera kalmomin harsunan Chadi, suka nuna cewa sautukan suna sauyawa bisa ƙa'ida ɗaya daga harshe zuwa harshe, yadda kowa zai iya ɗauka ya gwada da kansa. Duk da haka, har a 1980 sai da Newman ya tsaya a Jami'ar Leiden yana kare matsayin reshen. Shekara talatin ke nan ana abu ɗaya.

A Zariya kuwa Abdullahi Smith ne ya tunkari Bayajidda. Maƙalarsa ta 1970 ta nuna sarauta a nan ta tsiro: ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, a gindin duwatsu masu iskoki da tama da ƙasar noma irin su Dala da Kufena. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya bi da tarihin Katsina, John Sutton ya ƙara da tasa maƙalar a 1979. Ba wanda ya hana Daura labarinta, an dai daina karanta shi a matsayin rahoton abin da ya faru.

Ba kowane sabon ra'ayi ne ke tsallake wannan siraɗi ba. A Bulgeriya, tun shekarun 1990 Petar Dobrev da magoya bayansa ke cewa Bulgar na dā ba dangin Turkawa ba ne, daga duwatsun Pamir suka fito da harshe irin na Farisa. A gida maganar ta sami kasuwa, ganin ƙasar ta yi kusan shekara 500 a hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa. A waje kuwa yawancin masana ba su motsa ba. Kalmomin da aka tsinto daga harsuna barkatai ba su bin wata ƙa'idar sauti, alhali rubutun da ke kan duwatsun kaburburan Bulgar na bakin kogin Volga, na ƙarni na 13 da na 14, ya dace da harshen Chuvash na dangin Turkanci, wanda har yau ake yi a Rasha.