Masu taɓin hankali a bayan kanta: Aikin da ke jiran shugabanci a gidajen kason Tasawa da Mayahi

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, mutumin da aka kama a Korgom, Maijirgi ko Kanan Bakashe yakan bi ta hannun jandarma, a gurfanar da shi gaban alƙali, daga nan a tisa ƙeyarsa zuwa gidan kason babban garin gundumar. Idan yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ciwon ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Da shi zai shiga, kuma zaman wurin na iya ƙara masa tsanani.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Wani nazari da Seena Fazel da Katharina Seewald suka wallafa a shekarar 2012, wanda ya tattara bayanan fursunoni sama da 33,000 a ƙasashe 24, ya nuna cewa kusan 4 cikin 100 na fama da taɓin hankali mai tsanani. Ciwon matsananciyar damuwa kuwa ya kama kimanin 10 cikin 100 na maza da 14 cikin 100 na mata.

Abin da doka ta ce

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961, ya tanadi cewa babu laifi a kan wanda ba ya cikin hankalinsa a lokacin da ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi. Sai dai kafin alƙali ya yi aiki da wannan tanadi, yana buƙatar rahoton ƙwararren likita. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a ƙasar, kuma galibinsu suna Yamai, inda sashen da aka fi sani da Pavillon E yake a babban asibitin ƙasa. Idan rahoto ya yi jinkiri, mai ciwon ne ke ci gaba da zama a tsare.

A 2017 Nijar ta amince da dokar da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin tafiyar da gidajen kaso. Kafin nan, a watan Disambar 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 25 ta buƙaci kowane gidan kaso ya samu sashen lafiya mai ƙunshe da masu ilimin halayyar ɗan Adam da na ciwon ƙwaƙwalwa. Ta 30 ta ce a duba kowane fursuna da zarar an kawo shi, a lura da alamun damuwa, haɗarin kashe kai, da raɗaɗin rabuwa da ƙwaya. Ta 109 kuwa ta ce wanda ciwonsa ya yi tsanani, kuma zaman kaso zai ƙara dagula shi, a mayar da shi asibiti.

Abubuwan da ke rura ciwon

Rahotanni sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke gidajen kason Nijar jiran shari'a suke yi. Wanda aka yanke wa hukunci yana ƙirga kwanakinsa, amma mai jira bai san ranar fita ba, kuma wannan rashin tabbas na hana barci. Ga zafin Afrilu da Mayu da kan haura maki 40, ga tunanin gona da iyali idan damina ta faɗi mai gida yana kulle.

Akwai kuma batun Tramol, ƙwayar da ta yaɗu tsakanin matasa a Nijar da arewacin Najeriya. Wanda jikinsa ya saba da ita, idan aka yanke masa ita dare ɗaya, yakan shiga rawar jiki, gumi, rashin barci da saurin fushi, wani lokaci har da ruɗewa. Mai gadin da bai san haka ba zai ɗauka taurin kai ne, sai ya kulle shi shi kaɗai. Ƙa'idojin Mandela sun haramta irin wannan keɓewa idan ta wuce kwana 15 a jere, sun kuma hana yi wa mai ciwon ƙwaƙwalwa ita idan za ta ƙara masa ciwo.

Wa zai ja ragama?

Gidajen kason Nijar suna ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, dakarun Garde Nationale ne suka daɗe suna gadinsu, asibitocin gunduma kuma na Ma'aikatar Lafiya ne. Tuwon ƙasa uku ke nan a akushi ɗaya, kuma idan ba a ɗora wa wani takamaimai alhakin haɗa su ba, mara lafiya ne zai faɗa tsakani.

Jagorancin wannan aiki a ƙaramin gidan kaso ba ya jiran sai an turo ƙwararre daga Yamai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koyar da malaman jinya da likitocin da ba ƙwararru ba yadda za su gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da illar shaye-shaye, su fara magani, su kuma san lokacin da ya kamata su tura mara lafiya gaba. Tasawa da Mayahi kowacce tana da asibitin gunduma, kuma Maraɗi, inda manyan asibitocin jihar suke, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Abin da ake buƙata daga mai jagoranci a bayyane yake. Ya tabbatar an yi wa kowane sabon shiga tambayoyi kan lafiyarsa, an kuma rubuta su a littafin da ba kowa ke gani ba. Ya koya wa masu gadi alamun haɗari, kamar ƙin cin abinci, yawan shiru ko maganar mutuwa. Ya hana magani yankewa, domin mai taɓin hankali da ya daina shan magani yakan koma gidan jiya. Ya kuma riƙa sanar da alƙali halin da mai jiran shari'a yake ciki.

Iyali da ranar fita

A ƙasar Hausa, iyalai da dama kan danganta irin wannan ciwo da iska ko sammu, su fara da malami ko mai maganin gargajiya kafin asibiti. Jagora mai hikima ba zai yi faɗa da su ba. Zai jawo liman da dangi a jiki, ya nuna musu cewa addu'a ba ta hana shan magani.

Ƙa'ida ta 110 ta buƙaci a ci gaba da kula da mara lafiya bayan an sallame shi. Ma'anar haka a nan ita ce takardar tura shi asibitin da ya fi kusa da ƙauyensu, da maganin da zai riƙe shi har ya isa can, da ɗan'uwa guda da ya san lokacin shan maganin. Idan babu waɗannan, wanda aka saki a Mayahi ko Tasawa na iya ƙarewa ɗaure da mari a gida, ko kuma jandarma su sake kamo shi.