Ciwon Sikizofireniya: Sakamakon Binciken Jami'o'i da Amfaninsa ga Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan haɗa cututtukan ƙwaƙwalwa iri-iri ya kira su hauka ko taɓin hankali. A wannan takarda za mu keɓe ɗaya daga cikinsu, wato ciwon da Eugen Bleuler ya laƙaba wa suna sikizofireniya a 1908. Mai shi yakan ji muryoyin da babu mai yin su, ya sakankance ana bin sa da sharri, zancensa ya warwatse, ya ƙaurace wa jama'a. Galibi yakan bayyana tsakanin balaga da shekara talatin, wato shekarun ɗalibanmu.

2.0 Musabbabi

Binciken da aka yi a kan tagwaye masu ƙwai ɗaya ya nuna cewa idan ɗaya ya kamu, sau da yawa ɗan'uwansa ma yakan kamu, amma kusan rabinsu ko fiye sukan tsira. Ashe ke nan gado yana da hannu, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Wahalar haihuwa da yawan shan tabar wiwi a ƙuruciya suna ƙara haɗarin. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, masana sun fi zargin rikicewar aikin sinadarin dofamin.

3.0 Magani

A 1952 likitoci a birnin Faris suka fara amfani da kulofuromazin, wanda ke rage ƙarfin dofamin. A 1954 kuma Dokta Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyaci ke zaune da danginsa yana karɓar magani. Daga baya binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano majiyyatan Ibadan sun fi na manyan biranen Turai samun sauƙi.

4.0 Kammalawa

A karkara irin ta Gwaram, iyali sukan fara zargin iskoki ko sammu, a zaga wajen malamai da bokaye, wani ma a sa shi a turu. Alhali kuwa an tabbatar cewa jinkirin magani yana rage samun sauƙi. Saboda haka muna ganin wajibi ne mu malamai mu san alamomin nan, mu shawarci iyaye su hanzarta zuwa asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ba tare da an bar addu'a ba. Darasin Aro shi ne dangi ma magani ne, muddin aka haɗa su da likita.