ABINCIN KARE: ƊANYE, DAFAFFE KO NA BUHU?

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan da wuya ka shiga unguwa ba ka ji haushin kare ba. Shi ne mai gadin gida da dare. Yana tsaron rumbu da garken awaki, yana korar gafiya, yana raka mu gonar rake da fadama. Amma idan an zo rabon abinci, shi ake mantawa. A jefa masa ƙanzo, sauran kuwa ya nema a juji. Wannan sakaci yana jawo mana hasara a garke, wani lokaci har a jikin 'ya'yanmu. Hanyoyin ciyar da kare uku ne: ɗanyen nama, dafaffen abinci na gida, da abincin buhu na kamfani. Bari mu duba su ɗaya ɗaya.

ƊANYEN NAMA

Mutane da yawa suna cewa ɗanyen nama yana sa kare zafi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Zafin kare daga irinsa ne da horon da ya samu. Kuma a gaskiya, wane ɗanyen nama muke ba kare? Ba tsoka mai kyau ba ce. Abin da muka ƙi ne: hanta mai ƙullutu, huhun da mahauci ya yar, kan tunkiyar da ta mutu, mushen kaza. A nan haɗarin yake.

Akwai wata irin tsila ƙarama, tsawonta bai kai santimita 1 ba, wadda take zama a hanjin kare. Karen da yake ɗauke da ita ba ya nuna alamar ciwo. Ƙwayayenta suna fita cikin kashinsa, su faɗa kan ciyawa, da ganyen lambu, da bakin rijiya. Idan tunkiya ko akuya ko saniya ta haɗiye su, sai wata jaka mai ruwa ta fito a hantarta ko huhunta. Ran da aka yanka dabbar, sai a ga jakar, a yanke wurin, a jefa wa kare. Shi ke nan, tsilar ta koma gida, ta sāke sabon zagaye. Mu da hannunmu muke shuka ta.

Mutum ma yana kamuwa, musamman yara masu wasa da kare su ci abinci ba su wanke hannu ba. Jakar tana girma a hankali cikin hanta ko huhu, shekara da shekaru ba a sani ba. Sau da yawa ba ta fita sai da aikin tiyata.

Wata tsilar kuma ƙwaƙwalwar dabba take nufa. Kun sha ganin tunkiya ko akuya ta karkatar da kai tana ta zagaya wuri ɗaya har ta faɗi. Sau da yawa jakar tsila ce a cikin kanta. Idan aka ba kare wannan kai ɗanye, an sayo wa sauran garken ciwon.

Sai kuma mushe. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura, mai yiwuwa ciwon saifa ne. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja cikin watan Yuli 2023. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ba a ci, ba a ba kare. A kira malamin dabbobi, a ƙone shi ko a binne cikin rami mai zurfin mita 2. Haka nan kajin da suke mutuwa da yawa a lokaci ɗaya. Ku tuna murar tsuntsaye a nan jiharmu ta fara bayyana a Afirka, a Jaji, a 2006. Ɗan da dabba ta yi ɓarinsa da mabiyiyarsa su ma a binne, gama ta nan ciwon bakkale yake yaɗuwa. Masu kamun kifi kada su zuba wa kare ɗanyen kayan cikin kifi. Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, amma a Chadi tun 2012 aka riƙa samunsa a jikin karnuka, ana kuwa danganta abin da cin ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi.

Wani zai ce, ai a Fitowa 22:31 an ce a jefa wa karnuka. A karanta wurin da kyau. Maganar can a kan naman da namun jeji suka yaga ce, ba a kan dabbar da cuta ta kashe ba.

DAFAFFEN ABINCI NA GIDA

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da manomi, gama kusan kome yana cikin rumbunsa. Amma tuwo kaɗai ba ya riƙe kare. Tuwo yana ba da ƙarfi, ba ya gina jiki yadda ya isa. Shi ya sa karen tuwo zalla yake rama, gashinsa ya zube, ya shiga kamun 'yan tsaki da shan ƙwai. Ga yadda za a haɗa:

1. Kashi 2 na hatsi: tuwon masara, ko dawa, ko gero, ko tsakin shinkafa. A dafa ya nuna sosai.
2. Kashi 1 na abin gina jiki: dafaffen kayan ciki, jinin yanka da aka dafa, busasshen kifi da aka daka, dafaffen ƙwai, waken suya, dusar awara, ko wake. Lalle a dafa waken suya ko a soya shi, gama ɗanyensa yana hana abinci narkewa. A kalla sau 2 ko 3 a mako a sa abin da ya fito daga dabba, kada a tsaya kan wake kaɗai.
3. Ɗan ganye ko kabewa ko dankalin Hausa, dafaffe.
4. Ƙaramin cokali 1 na man gyaɗa ko manja.
5. Rabin ƙaramin cokali na garin ɓawon ƙwai a rana ga babban kare, domin ƙarfin ƙashi. A gasa ɓawon, a daka ya yi laushi.

Kayan ciki mai lafiya a yayyanka shi ƙanana, a tafasa minti 30. Wanda aka ga jakar ruwa a jikinsa kuwa, wuta ko rami.

Babban kare ya ci sau 1 ko 2 a rana. Kwikwiyo sau 3 ko 4. Karya mai shayarwa tana bukatar ninki 2 ko 3 na abin da ta saba ci. Ma'aunin yana hannunka: ka shafa haƙarƙarinsa. In kana jin ƙasusuwan da hannu amma ba ka ƙirga su da ido daga nesa, abincin ya isa. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a kaskonsa, balle da bazara.

Akwai abubuwan da ba a ba kare. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, saboda haka kada sauran miya ya zama abincinsa na kullum. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Iri mai jan magani guba ne. Ɓeran da ya ci guba, karen da ya cinye shi ya ci gubar.

Babban abin tsoro kuwa shi ne hatsi mai fumfuna. Mun saba tsince ruɓaɓɓiyar masara da gyaɗa mu ce ta dabbobi ce. Fumfunar tana barin wata guba da ake kira afalatoksin, mai kashe hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta. Kare yana cikin dabbobin da ba su jure mata. Mutum ma bai tsira ba: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. Hatsin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba karenka.

ABINCIN BUHU

A Zariya da Kaduna da Kano ana sayar da busasshen abincin kare a buhu. Na kirki an auna masa kome, ba ya bukatar itace ko tukunya. Amma a yi lissafi. Kare mai nauyin kilo 15 yana cin kusan rubu'in kilo a rana, watau kilo 7 zuwa 8 a wata. Ka tambayi kuɗin, ka gwada da kuɗin buhun taki, sa'an nan ka yanke shawara.

Buhu ma ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari. A Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, karnuka fiye da 100 suka mutu saboda abincin kamfani da aka yi da masara mai wannan guba. Wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kada ya sayi na awo daga buɗaɗɗen buhu. Ya ajiye shi a kan katako, nesa da laima. In zai sauya wa kare abinci, ya yi a hankali cikin mako guda, yana garwaya sabo da tsoho. Dusar kaji kuwa ba ta kare ba ce.

AIKIN ƘUNGIYA

Gida ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, gama karen maƙwabci yana yin kashi a makiyayar kowa. Ƙungiya ta haƙa rami mai murfi kusa da inda ake yanka. Ta zauna da mahauta da sarkin pawa a shirya. A lura ƙwarai lokacin Kirsimeti, da Ista, da biki, da kuma lokacin Sallar maƙwabtanmu, sa'ad da yanka yake yawa.

A sa rana ɗaya, kowane wata 3, a ba dukan karnukan unguwa maganin tsila mai suna Praziquantel, a binne kashin da suka yi cikin kwana 2 na bayansa. A yi musu allurar haukan kare tun suna wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Ana yin allurar a Vom, kusa da Jos. Ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru za su ba da shawara. Karen da yake ƙoshi a gida yawonsa kaɗan ne, haɗuwarsa da mahaukacin kare ma kaɗan ce. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani.

DOMIN TARON WANNAN WATA

A karanta Misalai 12:10, sa'an nan a tattauna:

1. Ina muke zubar da hanta da huhun da muka ƙi?
2. Karnuka nawa ne a unguwarmu, nawa aka yi wa allura bana?
3. Wa zai yi magana da mahauta, a wace rana kuma za a haƙa ramin?

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.