Jijiyar Wuyan Shugaba

Shekara shida na yi ina shugabancin wata makarantar sakandare, kuma hukuncin da ya fi tsaya mini a rai na yanke shi ne da ƙarfe biyu na rana, cikin zafin Afrilu, ko karyawa ban yi ba. Wani malami ya makara shiga aji, na wanke shi tas a gaban ɗalibai. Laifinsa bai kai nan ba. Yunwa ce ta ari bakina.

Kuma jikina ya yi mini kashedi: jijiyar wuya ta miƙe, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya koma sama-sama. Likitoci sun ce sinadarin adirenalin ke jawo haka, yana kwarara cikin jini tun mutum bai gama tunani ba. Malamaina duk sun ga alamar, don labarin zuciya a tambayi fuska. Ni mai jikin ne kaɗai ban lura ba.

Abin kunyar, mun karanta wannan tun a zaure. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka haɗa da matsananciyar yunwa, ƙishirwa, gyangyaɗi, har da matsuwar fitsari. Wani hadisin ya umarci mai fushi ya zauna in yana tsaye. Wato a fara da jiki, zuciya za ta biyo baya.

Nelson Mandela, da ya yi shekara 27 a kurkuku, bai bar motsa jiki da asuba ba ko a ɗan ɗakinsa na tsibirin Robben. Richard Stengel, wanda ya taya shi rubuta tarihin rayuwarsa, ya ba da labarin ranar da ɗaya daga cikin injinan ƙaramin jirgin da Mandela ke ciki ya mutu a sama a 1994. Mandela ya ci gaba da karatun jarida, fasinjoji suka dube shi suka natsu. Sai da aka sauka ya faɗa cewa ya tsorata ƙwarai. Ya san gabansa na faɗuwa, bai dai bar faɗuwar ta hau fuskarsa ba.

Ni dai tun daga ranar da na wanke malamin na ajiye ƙullin gyaɗa a durowa, kuma na daina sauraron ƙara kafin in ci abinci. Malamin nan kuwa, sai da na taka har gidansa na ba shi haƙuri.