Lakar da Aka Raina

A yammacin ƙasar Amurka akwai wata jiha mai duwatsu da ƙarancin ruwa, ana ce da ita Nebada. A shekarar 1859 waɗansu masu neman zinariya guda biyu, O'Riley da McLaughlin, suka yi haƙa a gefen wani dutse a can, suka dace da zinariya. Sai wani mutum wai shi Henry Comstock ya zo ya ce wurin nasa ne. Don gudun rigima suka sa shi cikin rabo, har wurin ya ci sunansa.

Amma wani abu ya dami mahaƙan nan. In suna wanke ƙasa don su tace zinariya, sai wata baƙar laka mai nauyi ta riƙa toshe musu kayan aiki. Sukan kwashe ta su zubar, suna tsaki. Ran nan wani ya ɗebi kaɗan ya kai Kalifoniya wurin masu gwajin ma'adinai. Da aka narka aka auna, ashe kowane tan na lakar nan yana da azurfa ta wajen dala 3,000, ban da zinariya. Abin da Hausawa ke faɗi ke nan, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Kafin a jima labari ya bazu, mutane suka yi ta kwararowa, gari ya kafu, aka sa masa suna Virginia City. To, amma ganin arziki daban, fid da shi daban. Azurfar tana can ƙasa da nisa, ƙasar wurin kuwa ba ta da ƙarfi, takan rufta wa ma'aikata. A 1860 wani injiniya Bajamushe, Philip Deidesheimer, ya ƙago dabarar harhaɗa gumagumai kamar akwatuna, wani bisa wani, su tokare ramin. Itacen da aka ci wajen wannan aiki ya kusa ƙarar da dazuzzukan da ke kewaye.

Da haƙa ta yi zurfi sai aka tarad da ruwan zafi. Zafin ramin ya kai har sai an riƙa saukar wa ma'aikata ƙanƙara. Wani mutum, Adolph Sutro, ya fara huda dutsen a 1869 don ruwan ya sami hanyar fita. Tsawon hanyar ya kusa mil 4, ba a gama ba sai 1878. Wajen raba azurfa da dutse kuwa, sai an niƙa shi an gauraya da zaiba. Zaiba dafi ce, ragowarta ta gurɓata kogin Carson, har yanzu ba ta fita ba.

A 1873 aka faɗa kan jijiyar da ta fi kowace albarka, amma wajen 1880 arziki ya fara ja da baya. Garin da ya taɓa tara mutum wajen 25,000, a ƙidayar 2020 bai cika dubu ba. Comstock kuwa tun farko ya sayad da rabonsa da araha, don bai san darajarsa ba. Ya mutu a 1870 hannunsa wayam.