Wa Zai Gaji Binciken Gigin Tsufa a Arewa?

A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Falgore, daga Doguwa zuwa Tudun Wada, idan dattijo ya fara ɓata a hanyar gonarsa, ko ya idar da sallar azahar ya sake miƙewa zai yi ta, sai a ce gigin tsufa ne, a rufa masa asiri a cikin gida. Tsohuwar da ba ta da gata kuwa, wani lokaci har maita ake jifan ta da ita. Alhali ciwo ne da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki sosai.

Masu binciken wannan ciwo a Najeriya 'yan kaɗan ne, kuma kusan kowannensu yana iya nuna malamin da ya riƙe hannunsa. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙar fatar birnin Indiyanafolis na Amurka. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna masu ciwon kashi 2.29 cikin ɗari ne a Ibadan, kashi 8.24 a Indiyanafolis. A wannan shekarar Osuntokun ya rasu, amma aikin bai bi shi kabari ba, domin ya bar almajirai. Adesola Ogunniyi ya ɗora daga inda aka tsaya, shi kuma ya raini Rufus Akinyemi, wanda yanzu ke jagorantar gamayyar masu binciken ciwon a Afirka.

A cikin wannan ayari akwai Olusegun Baiyewu, kuma aikinsa ne ya fi burge ni. Gwajin da aka saba yi a Turai ya haɗa da ba tsoho fensir ya kwaikwayi zane. To, wanda bai taɓa riƙe fensir ba zai faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Sai Baiyewu da abokan aikinsa suka fito da gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wani fasali, a ce tsoho ya jera irinsa. Irin wannan basira sai wanda ya daɗe a zauren tsofaffi. Baiyewun nan ne kuma ya yi aiki tare da Dakta Abdulkareem Jika Yusuf a binciken Zariya da aka buga a 2011, inda aka duba tsofaffi 322 aka sami kashi 2.79 cikin ɗari. Ta haka ilimin ya hauro Arewa, daga hannu zuwa hannu.

A Damaturu ma an kafa wani tushe. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe da ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sasiks ta Ingila kan sinadarin tau, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021. Can matasa ke koyon aiki da manyan madubin likita da renon ƙwayoyin halittar mutanenmu a ɗakin gwaji. Dalilin a fili yake: ƙwayar gadon APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar sosai a Turawa, tasirinta ya fito da rauni a Yarabawan Ibadan. Abin da aka gano a jikin Bature ba lalle ya zauna daidai a jikin Bahaushe ko Bafulatani ba.

Kano na da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, saboda haka ba a rasa matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa. Abin da nake roƙo shi ne manya su ja su a jiki. Matashi na buƙatar wanda zai nuna masa yadda ake rubuta takardar neman kuɗin bincike, ya gyara masa ita har ta yi kyau, ya kuma sa sunansa a gaba idan shi ya yi wahalar aikin. Yana buƙatar wanda zai raka shi Kiru ko Bebeji ya ga yadda ake fara gaida mai gari kafin a shiga gidan kowa. A can zai gane cewa tambayar kwanan watan Bature zalunci ce ga dattijon da ke lissafi da Rajab da Sha'aban, kuma a rugagen gefen dajin Falgore dole a yi gwajin da Fulatanci.

Horon ya kamata ya sauko har kan ma'aikatan jinya da na asibitin sha-ka-tafi, don su ne tsoho ke fara gani. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon na da nasaba da abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga da raunin ji. Awon jini kuwa ana iya yin sa a Doguwa ranar kasuwa, muddin akwai wanda aka koya wa rubuta abin da ya gani da bibiyar mutanen shekara bayan shekara.